Na furta, na sake furtawa: ta yaya mutum zai san Allah ya gafarta masa?

Autar Gida:
Salama a gare ku iyayena da yayyena cikin Ubangiji. Ina da tambaya, ku taimake ni da Maganar Allah, ba da lallashi kawai ba. Akwai laifin da na aikata shekarun baya. Na rabu da shi, na durƙusa na faɗa wa Allah, na yi kuka har na gaji. Amma har yau da zarar na rufe ido zan yi addu'a, shi ne yake fara zuwa gabana, sai in sake roƙon gafara a kansa kamar jiya na yi shi. Ranar cin Jibin Ubangiji kuwa ba a magana, hannuna har rawa yake yi. In da gaske an gafarta mini, me ya sa ban ji a raina ba? Ko ban furta yadda ya kamata ba ne? Akwai wasu kalmomin da dole sai an faɗe su? Ku yi haƙuri, ba zan ambaci laifin a nan ba.

Uwar Tagwaye:
'Yata, ba sai kin ambata ba, kuma kada wani ya bi ki ta saƙon sirri yana tambaya. Ki buɗe 1 Yohanna 1:9 ki karanta a tsanake. Ayar ta ce in muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana, ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Ki duba ko an ambaci abin da za ki ji a ranki. Babu. Naki furtawa ne, kin kuwa yi. Saura ya rataya a kan amincinsa, shi kuwa ba ya hawa da sauka yadda zuciyarmu take yi.

Ɗan Alheri:
Mama ta faɗi gaskiya, amma ni zan ƙara gaba. Ƙanwata, matsalar daga koyarwar da aka ɗora mu a kai take. An saba mana da tonon zunubi kullum muna lissafi, shi ya sa masu bi da yawa suke zaman tsoro. Yesu ya ce "An gama" a kan gicciye. Ibraniyawa 10:14 ta ce da hadaya guda ya kammala waɗanda ake tsarkakewa har abada, a aya 17 kuma Allah ya ce ba zai ƙara tunawa da zunubansu ba. Romawa 8:1, babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu. To abin da Allah ya ce ba zai tuna ba, mene ne namu na tuna masa? Ni a ganina mai bi ba ya bukatar furta zunubi sam. 1 Yohanna 1:9 ta masu shigowa ce, waɗanda ba su riga sun karɓi Yesu ba. Wanda yake ciki, godiya ce kawai tasa.

Malamin Lahadi:
Ɗan'uwa, ayoyin da ka kawo ban ƙi ko guda ba. Inda ka kai su ne ban bi ka ba. Yohanna ya sa kansa cikin masu furtawar, kuma ayoyi biyu a gaba, a 2:1, ya kira masu karanta wasiƙar 'ya'yansa ƙanana, ya ce in wani ya yi zunubi muna da mai tsaya mana a wurin Uba. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan gida ne.

Addu'ar Ubangiji fa? Almajirai aka koya wa, ta fara da "Ubanmu", kuma roƙon gafara yana nan dab da roƙon abincin yini. Wanda yake kiran Allah Uba, shi aka ce ya roƙa. A Wahayi sura 2 da 3, cikin ikilisiyoyi 7 Yesu ya yi kiran tuba a 5, Simirna da Filadelfiya ne kaɗai bai tsawata musu ba. Wannan bayan gicciye ne, bayan tashi daga matattu. Daren da ya wanke ƙafafun almajiransa ma ya ce wa Bitrus wanda ya yi wanka ba ya bukatar kome sai wankin ƙafa (Yohanna 13:10). Ba sabon ceto muke nema kowane dare ba. Zumuncinmu da Uba ne zunubi yake ɓatawa, shi ne furci yake gyarawa.

Amma ga inda na yarda da kai. Ƙanwarmu ba sabon laifi take kaiwa ba, tsoho ne wanda ta riga ta kai. Wannan magana dabam ce.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, sannunku da wannan zance. Bari in fara da maganar kalmomi, tunda ita ce mai sauƙi. Babu wata jimlar da in an faɗe ta daidai sai ƙofa ta buɗe. Ku ƙirga waɗanda suka ce "na yi zunubi" a cikin Littafi Mai Tsarki. Fir'auna ya faɗa wa Musa haka lokacin ƙanƙara (Fitowa 9:27), ya sake faɗa lokacin fara (10:16), da annobar ta lafa kuwa sai ya koma gidan jiya. Yahuza ya faɗa, har ya mayar da azurfa 30 ɗin, amma manyan firistoci ya kai wa, suka ce ina ruwansu, ya fita ya rataye kansa. Saul ya faɗa. Dawuda ya faɗa. Magana guda, ƙarshe dabam-dabam.

Na Saul da na Dawuda nake so ku jera. A 1 Sama'ila 15, Saul ya bar Agag sarkin Amalekawa da rai, ya bar dabbobi masu kyau. Da Sama'ila ya iso, ya tarye shi da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Aka ce to kukan tumakin nan fa? Ya ce jama'a ne suka kawo, don a yi hadaya. Da aka matsa masa ya ce ya yi zunubi, amma tsoron mutane ne ya sa shi. A aya 30 ya sake cewa ya yi zunubi, ya ƙara da roƙon a girmama shi a gaban dattawa. Bakinsa yana ambaton laifi, idonsa yana kan masu kallo.

Laifin Dawuda a idon ɗan adam ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Ya ɗauki matar sojansa, ya yi dabarar rufe cikin, dabara ta ƙi, ya rubuta takardar mutuwar Uriya mijin matar, ya ba Uriya da kansa ya kai wa Yowab shugaban mayaƙa. Ya yi shiru watanni, domin kafin Natan ya zo har an haifi yaron. Zabura 32 ta nuna yadda irin wannan shirun yake: ƙasusuwa suna lalacewa, nishi dukan yini, hannun Allah da nauyi dare da rana. Da Natan ya ce masa "Kai ne mutumin", ga sarki da iko a hannu, yana iya sa a kashe annabin. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Na yi wa Ubangiji zunubi." Bai ce matar ce ta yi wanka inda za a gan ta ba. Bai ce takobin Ammonawa ne ya kashe Uriya ba. A aya ɗin nan guda, 2 Sama'ila 12:13, Natan ya amsa masa cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba.

Ku tuna kuma shari'ar Musa ba ta tanadi hadaya don zina da kisan kai ba, hukuncinsu mutuwa ne. Dawuda ba shi da rago ko bijimin da zai kai ya isa. Shi ya sa a Zabura 51 ya ce da hadaya Allah yake so da ya bayar, abin da yake da shi karyayyar zuciya ce kawai.

Yanzu 'yata, ga wurin da ya shafe ki. Wannan mutum da annabi ya gaya wa baki da baki an kawar da zunubinsa, shi ne a zaburar nan yake cewa zunubinsa yana gabansa kullum. Shi ne yake roƙon a sa shi ya ji murna da farin ciki, a mayar masa da farin cikin ceto. Kin ga gafara da jin daɗin gafara ba lallai su iso rana guda ba. Ta farko ta zo da kalmar Allah. Na biyun roƙonsa ya yi. To ki canja roƙon. Ki daina cewa "ka gafarta mini abin nan", ki ce "na gode ka gafarta mini abin nan saboda jinin Yesu, ka mayar mini da farin cikina".

Autar Gida:
Baba, na gode. Na sha karanta Zabura 51 amma ban taɓa haɗa ta da amsar Natan ba. Sai dai tsorona shi ne, in na daina roƙo a kansa, ba zai zama kamar na raina girman laifin ba?

Uwar Tagwaye:
A'a 'yata. Ki karanta Farawa 50. Yusufu ya riga ya rungumi 'yan'uwansa tun a sura 45, ya sumbace su, ya yi kuka a kansu, ya zaunar da su a Goshen. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar, duk tsawon lokacin nan Yusufu yana ɗawainiya da su da 'ya'yansu. Da tsohon ya rasu sai suka aika masa da saƙon roƙon gafara, suka zo suka fāɗi a gabansa suna cewa su bayinsa ne. Littafi ya ce da saƙon ya iso, Yusufu ya yi kuka. Ni abin da nake gani a kukan nan shi ne, ashe duk shekarun nan ba su gaskata shi ba. Suna cin alherinsa suna jiran ranar ramuwa.

Maimaita roƙo a kan abin da Allah ya ce ya shafe ba girmama laifin ba ne, rage darajar kalmarsa ne, ko da mutum bai nufa ba. Amma ki lura Yusufu bai yi musu faɗa ba. Ya ce kada su ji tsoro, ya ta'azantar da su. Haka Ubanki yake da ke.

Mai Sauraro:
Ni kullum karatu nake yi ba na magana, amma yau zan sa baki. Baba, akwai abu biyu da suke tsaya mini a wuya game da Dawuda. Na ɗaya, ya ce wa Allah "gare ka kaɗai na yi zunubi". To Uriya fa? Yana kabari. Batsheba matarsa fa? Na biyu, an ce an gafarta, amma yaron ya mutu, aka ce takobi ba zai rabu da gidansa ba. Wace irin gafara ce wannan? Ina tambaya ne domin na ga mutanen da suke cutar wasu, su shiga ɗaki su yi addu'ar minti biyu, su fito su ce tsakaninsu da Allah ne, an gama.

Baba Dattijo:
Ɗana, tambayarka tana da nauyi, ba zan yi kamar na sauke ta duka ba. Dawuda bai manta da Uriya ba, a Zabura 51:14 ya roƙa a cece shi daga alhakin jini. Abin da na fahimta, yana cewa ne wanda ya hana kisa da zina Allah ne, Uriya kuma halittar Allah ne, don haka a ƙarshe gaban Allah shari'ar za ta tsaya. Allah ma bai bar sunan Uriya ya ɓace ba. Ka buɗe Matiyu 1:6, a cikin asalin Yesu kansa, an ce Dawuda ya haifi Sulemanu ta wurin matar Uriya. Bayan kusan shekara 1,000 sunan wanda aka zalunta yana nan a shafin farko na Sabon Alkawari.

Mutuwar yaron kuwa, ni ma tana mini zafi duk lokacin da na karanta. Abin da nassin ya nuna shi ne ɗauke hukunci dabam, ɗauke abin da zunubi ya shuka dabam. 'Ya'yan Dawuda, Amnon, Absalom, Adoniya, duk ta hanyar kisa suka tafi. Amma Allah bai juya wa Dawuda baya ba. Da aka haifi Sulemanu, Ubangiji ya ƙaunace shi, kuma Natan ɗin nan da ya kawo tsawatawa shi aka aiko da sunan Yedidiya. Masu addu'ar minti biyu da ka ambata, su karanta sura 13 zuwa 18 na 2 Sama'ila kafin su ce zunubi abu ne mai arha.

Uwar Tagwaye:
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da yake damuna da addu'o'inmu. "Ka gafarta mana zunubanmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba, na tunani da na magana da na aiki." A cikin taron sujada wannan daidai ne, jama'a ce take magana da murya guda. Amma mutum shi kaɗai a ɗakinsa, ya san sarai da safe ya yi ƙarya a kan wane, ya san kuɗin da ya riƙe ba nasa ba ne, sai ya lulluɓe su da wannan jimlar ya ce amin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Littafin Firistoci 5:5 ya ce mai laifi ya furta ainihin abin da ya yi. Karin Magana 28:13 ta ce mai rufe laifofinsa ba zai yi albarka ba, wanda ya furta ya kuma rabu da su zai sami jinƙai. Ba don Allah bai sani ba ne. Mu ne muke iya ruɗin kanmu muddin ba mu kira abin da sunansa ba. Adamu ya ce matar da ka ba ni ce. Haruna ya ce ya jefa zinariya a wuta ne kawai sai ga ɗan maraƙi ya fito. Duk furcin da yake da "amma" a wutsiyarsa, a sake duba shi.

Ɗan Alheri:
Mama, da girmamawa, mai karɓar harajin nan na Luka 18 wane zunubi ya ambata da suna? Ya tsaya daga nesa, ya bugi ƙirji, ya ce Allah ya ji tausayinsa shi mai zunubi. Shi ke nan. Yesu ya ce shi ya koma gida karɓaɓɓe, ba Bafarisiyen ba. Ɓarawon da ke kan gicciye ma bai yi lissafi ba. In sai an ambaci kowane guda, wanda ya manta wani fa? Wannan ne fa yake jefa mutane irin ƙanwarmu cikin wahala, kullum suna tunanin ko akwai abin da suka tsallake.

Malamin Lahadi:
A nan kam ka kawo magana mai ƙarfi. Ba wanda zai iya ƙirga nasa duka, Dawuda ma a Zabura 19:12 ya ce wa zai iya gane kurakuransa, ya roƙa a tsarkake shi daga ɓoyayyun laifofi. Ina ganin Mama ba lissafi take nema ba. Mai karɓar harajin bai ɓoye kome ba, kansa gaba ɗaya ya miƙa. Wanda Mama take magana a kai kuwa ya san abin, yana kewaye shi da gangan. Abin da Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka, faɗe shi. Abin da ba ka sani ba, yi addu'ar Zabura 139, a bincike ka, ka bar sauran a hannun mai binciken.

Ga yadda nake rarrabe muryar Ruhu da ta mai ƙara. Ruhu yana nuna abu takamaimai, ya nuna abin yi, in ka yi sai ya sake ka. Mai ƙarar 'yan'uwa, wanda Wahayi 12:10 ta ce yana ƙararsu dare da rana, tsohon abu yake ɗagowa, ba ya nuna mafita, kuma ba laifin yake zagi ba, kai yake zagi. A Zakariya 3, Yoshuwa babban firist yana tsaye da ƙazaman tufafi, Shaiɗan yana damansa yana ƙara. Tufafin da gaske ƙazamai ne, ba ƙage ba ne. Amma Yoshuwa bai ce uffan ba, Ubangiji ne ya tsawata wa mai ƙarar, ya sa aka tuɓe masa su aka sa masa masu tsabta.

Katikis:
Salama 'yan'uwa. Ni ɗan Katolika ne, na san yawancinku ba haka ba, amma ku bar ni in faɗi namu. Abin da ƙanwarmu take fama da shi yana cikin dalilan da suka sa muke riƙe da furta zunubi a gaban Fada. Dawuda da kunnensa ya ji Natan. Yesu ya hura wa manzanni Ruhu ya ce duk wanda suka gafarta wa zunubai an gafarta masa (Yohanna 20:22-23). Yakubu 5:16 ya ce ku furta wa juna zunubanku. Mutum jiki ne da jini, wani lokaci yana bukatar ya ji wata murya, ba tasa ba, tana ce masa an gafarta maka, ka tafi da salama. Ba Fada ne mai gafarar ba, Allah ne, shi bawa ne da aka ba aiki. Kuma abin da ya ji ba ya fita daga bakinsa ko da za a kashe shi, in ya tona kuwa hukuncinsa fita daga zumuntar Ikilisiya ne. Tun babban taron Lateran na huɗu a 1215 aka sa kowane mai bi ya yi wannan aƙalla sau ɗaya a shekara.

Malamin Lahadi:
Sannu Katikis, mun ji daɗin zuwanka. Inda muka rabu sananne ne. Mu muna tsaye a kan 1 Timoti 2:5, matsakanci guda ne, da Ibraniyawa 4:16, mu matso kursiyin alheri gabagaɗi. Mai karɓar harajin bai bi ta kan kowa ba. Yakubu kuma "juna" ya ce, bai keɓe wa mutum guda ba. Don haka ba zan ce wa ƙanwarmu gafararta tana jiran wani ya furta mata ba, ta riga ta samu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu a ɓangarenmu mun yi sakaci da Yakubu 5:16. Mutane da yawa ba su san Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, bai soke furta zunubi ga mai hidima ba. Shaidar bangaskiyar da mabiyansa suka gabatar a Augsburg ta ƙasar Jamus a 1530 ta ce a riƙe shi, abin da ta ƙi shi ne tilasta wa mutum ya lissafa kowane zunubi, kuma Zabura 19:12 ɗin nan ta kafa hujja da ita. Mu kuwa muka watsar da duka, kowa yana ɗauke da nasa shi kaɗai.

Uwar Tagwaye:
A yi, amma a zaɓi kunne. Ba kowane mai cewa "zan sa ki a addu'a" ne yake iya riƙe magana ba. Akwai waɗanda asirinsu ya zaga jama'a da sunan "abin addu'a", har suka daina zuwa sujada. Mutum guda ya isa, wanda ya manyanta cikin bangaskiya, mace ga mace, namiji ga namiji in da hali. Kuma laifin ɓoye ba a kai shi gaban taro. Iyakar inda laifi ya kai, nan furcinsa ya kamata ya kai.

Mai Sauraro:
Maganar Mama ta ƙarshe ce ta dawo da ni. Iyakar inda laifi ya kai. To in ya kai kan wani fa? Yesu ya ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). A Littafin Firistoci 6, wanda ya ci amana ko ya riƙe abin wani sai ya mayar cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo ragon hadaya. Zakka ya ce zai mayar ninki huɗu. Ƙanwata, ba ina neman ki faɗi laifin ba ne. Amma wani lokaci abin da yake hana lamiri kwanciya ba mai ƙara ba ne, haƙƙin mutum ne da bai koma ba tukuna.

Autar Gida:
Yaya, ka taɓa wurin. Akwai wata da abin ya shafa. Ta yi asara, sunanta ya ɓaci a lokacin, kuma har yau ba ta san daga wurina abin ya fito ba. Muna gaisawa.

Ɗan Alheri:
To kun gani? Mun fara da cewa an gafarta mata, yanzu mun ɗora mata sharaɗi. Gobe za ta ce ashe Allah bai gafarta ba sai ta je ta yi kaza. Wannan ba komawa ga ayyuka ba ne?

Malamin Lahadi:
Duba jerin abubuwan a Luka 19. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira Zakka da suna, ya ce yau a gidansa zai sauka, tun Zakka bai yi alkawarin kome ba. Mayar da dukiyar daga baya ta zo. Ba da ita ya sayi karɓuwa ba, karɓuwar ce ta haife ta. Ƙanwarmu ba za ta je don a gafarta mata a sama ba. Za ta je ne domin an gafarta mata, ga kuma 'yar'uwa da har yanzu take ɗauke da tabon abin da ba ta yi ba.

Ɗan Alheri:
Jerin na yarda da shi. Amma har yanzu ina ganin yadda ake koyar da abin nan a wurare da yawa, tsoro yake haifarwa ba 'yanci ba. Wanda ya ji wa'azin furci sau goma, da ƙyar ya ji na Romawa 8 sau ɗaya. A kan wannan ban sauka ba.

Baba Dattijo:
Ɗana, kada ka sauka, muna bukatar mai tuna mana da Romawa 8. 'Yata, ga abin da zan ce miki a matsayin uba. Ba kowane tsohon laifi ake tonowa a kai wa mutum ba. Akwai furcin da sauke kaya ne kawai a kan wanda bai san kome ba, mai furtawa ya tafi da sauƙi, shi ya bar wancan da sabon ciwo. Mugun tunanin da ya tsaya a zuci, misali, Allah ake kai wa. Amma naki ba haka yake ba. Kin ce sunanta ya ɓaci kuma ta yi asara. Muddin akwai masu riƙe da ƙaryar a kanta, gaskiyar da take bakinki haƙƙinta ce. Shari'a ma ta ɗauki mayar da haƙƙi da nauyi har ta ce in mai shi ba ya nan a ba danginsa, in babu dangi a kai wa Ubangiji (Littafin Ƙidaya 5:7-8). Taki kuwa tana raye, kuna gaisawa.

Autar Gida:
Baba, in ta ƙi yafe mini fa? In ta tona ni a gaban kowa?

Baba Dattijo:
Tana iya ƙi, tana iya faɗa wa mutane, ba zan ɓoye miki ba. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunki, ki yi zaman salama da kowa. Amsarta ba ta hannunki, kuma ba ta soke abin da Allah ya riga ya yi.

In kin je, ki faɗi abin da kika yi a fili, a taƙaice. Kada ki kawo dalilan da suka sa ki, ko da suna nan. Kada ki karanta mata ayar yafe wa ɗan'uwa sau bakwai har saba'in, ba bakinki ne ya kamata ya tuna mata da ita ba. Ki tambaye ta me take so a gyara, su wa take so su ji gaskiyar, in akwai asarar da za a iya biya ki ce za ki biya ko da kaɗan-kaɗan ne. In ta yi fushi ki bar ta ta yi, shekaru ta yi tana ɗauke da abin, kada ki sa ran ta sauke shi a zama guda. Kafin ki je ki sami babbar mace guda da kika amince da ita ku yi addu'a tare, in kuma kina ganin maganar za ta yi zafi, ki roƙe ta ta raka ki, amma ta zama wadda ita ma waccan take ganin girmanta.